Mita na nuna wuta ta cika, amma soket ya ƙi ɗaukar dutsen guga

Abban_Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon masu harkar lantarki. Soket uku ne a ɗaki ɗaya suka ɓullo da wani hali da na kasa gane kansa. In na sa cajar salula tana ci lafiya lau, amma da zarar an jona dutsen guga sai shiru, ko ɗumi ba ya yi. Dutsen kuwa lafiyarsa ƙalau, don na kai shi falo ya yi zafi nan take. Na ɗauko maltimita, wato mitar auna wuta ta hannu, na murɗa ta zuwa V mai alamar lanƙwasa, baƙar igiya a ramin COM, jar a ramin VΩ, na auna tsakanin layif (wayar da ke kawo wuta) da nitiral (wadda ke mayar da ita) ta ba ni 226. To in wuta ta kai bolt 226, me ya hana dutsen aiki? Bireka bai faɗi ba, sauran ɗakuna ba matsala. Mitar ce ta lalace, ko akwai abin da ban sani ba?

DanSola:
Wa alaikumus salam. Lokacin da ka ga 226 ɗin, dutsen yana jone ko ka cire shi?

Abban_Khalifa:
Na cire shi, don in samu ramin da zan sa tsinken mitar.

Sarkin_Fanka:
Soket ɗin ne suka mutu kawai. Canza su ka huta.

Baba_MaiWuta:
@Sarkin_Fanka, yi haƙuri ɗana, soket uku ba sa mutuwa rana ɗaya da ciwo iri ɗaya. In ka ga haka, abin da ya haɗa su ne ya samu matsala, wato wayar da ke ciyar da su.

Malam Abban Khalifa, mitarka ba ta lalace ba, kuma ba ƙarya ta yi maka ba. Tambayar da DanSola ya yi maka ita ce bakin zaren. Mita irin ta lambobi kusan ba ta jan wuta in tana auna bolt, saboda turjiyar da ke cikinta, wato ƙarfin tare wuta, ta kai om miliyan 10. Ko da wayar ta kusa tsinkewa, ko sili ɗaya ne ya rage yana taɓawa, ko haɗin ya ƙone ya zama gawayi, ɗan abin da ke ratsawa ya ishe ta ta rubuta maka 226. Kamar tiyo ne da aka taka da ƙafa: in bakinsa a rufe yake za ka ji shi tam da ruwa, amma kana buɗewa sai ɗigo. Caja ba ta cin komai, shi ya sa take aiki. Dutsen guga mai wat 1000 yana neman fiye da amfiya 4 (amfiya ma'aunin yawan wutar da ke gudana ne), wannan haɗin ba zai iya ba shi ba.

Sami ekstenshan mai lafiya ka jona a soket ɗin, ka sa dutsen a rami ɗaya, ka auna a ɗaya ramin. Ka kunna na 'yan daƙiƙu kawai, ka karanta, ka kashe. Kada ka bar shi a kunne. Ka dawo mana da lambar.

Mai_Rediyo:
Baba ya gama magana. Awon da aka yi ba lodi rabin awo ne. Mu ma a gyaran kayan sauti haka muke fama, batir ya nuna maka bolt 12 cif, kana ɗora masa aiki ya zube.

Garba_Testa:
Ni dai a ganina duk wannan wahalar da kai ne. Testa ta ishe ka. Ka sa a rami, in ta kama akwai wuta, in ba ta kama ba babu. Tun kafin waɗannan mitocin su cika ko'ina da ita ake aiki.

Inj_Hajara:
Malam Garba, ina girmama daɗewarka a aiki, amma a wannan matsalar testa ba za ta faɗa masa komai ba. Ƙwan da ke cikinta ɗan abu kaɗan ke kunna shi, ƙasa da miliyamfiya ɗaya. Duk abin da ya yaudari mita zai yaudare ta, har ma fiye, tunda ita ba ta ba ka lamba. Ba ta bambanta 226 da 120. Sannan jikinka ne ke cika mata hanya. In kana kan tsani na katako ko kana sanye da takalmin roba mai kauri, ko rana ta haske wurin, tana iya ƙin nunawa alhali wuta na nan. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ba ni tsoro, domin mutum zai ce babu wuta ya kai hannu.

Garba_Testa:
Injiniya, ban ce a jefar da mita ba. Amma testa ta sha nuna min nitiral ya tsinke, don sai ka ga ramuka biyun duka suna kamawa.

Inj_Hajara:
Wannan gaskiya ne, kuma alama ce mai kyau. In nitiral ya yanke alhali akwai wani abu a jone, wutar na bi ta cikin abin ta dawo ta tsaya a wayar nitiral, sai ramuka biyun su kama. Amma sai da abu a jone. Ka ga mun koma maganar Baba.

MamanIlham:
Don Allah Abban Khalifa kafin ka gama binciken nan ka hana kowa amfani da soket ɗin, har cajar ma. Irin wannan ya faru da mu. Muka riƙa jin wani wari kamar na roba da ƙarni-ƙarni, muka yi ta neman abin da ya mutu a silin. Ashe soket ne a bayan kujera. Da aka janye kujerar fuskarsa ta yi ruwan ƙasa a gefe ɗaya, in ka taɓa sai ka ji ɗumi. Mai gyara yana kwance shi robar bayan ta farfashe a hannunsa. Allah ne ya tsare.

Ummu_Sadiq:
Subhanallahi. Allah ya ƙara tsarewa Maman Ilham. To amma me ya sa bireka bai faɗi ba? Ba aikinsa ke nan ba?

Baba_MaiWuta:
'Yata, bireka abu biyu yake tsaro: lodi ya fi ƙarfin waya, ko layif ya haɗu da nitiral ko at (wayar ƙasa) kai tsaye, wato shot. Dukansu wuta ce ke ƙaruwa. Shi kuwa haɗin da ya saki rage wutar yake yi, don haka bireka ba ya ganin laifi. Zafin yana taruwa wuri ɗaya ne, a kan sukuru guda, shi kuma bireka yana can yana ganin amfiya ɗaya ko biyu ke wucewa. Shi ya sa sakin haɗi ya fi shot haɗari a wurina. Shot yana ihu, wannan a ɓoye yake cin waya.

Abban_Khalifa:
Na gwada yadda Baba ya ce. Kafin in kunna dutsen 226. Ina kunnawa ta faɗo wajen 20, tana rawa tsakanin 18 da 25. Na kashe nan da nan. Maman Ilham na gode, na liƙe soket ɗin uku da tef na gaya wa mutanen gida.

Dalibin_Lantarki:
Bari in gwada lissafi, manya su gyara min. Dutse mai wat 1000 a kan bolt 230 turjiyarsa wajen om 53 ce. In bolt 20 ne ya iso gare shi, to wutar da ke gudana 20 a raba da 53, wajen amfiya 0.38. Sauran bolt 206 sun tsaya a kan mugun haɗin. 206 a raba da 0.38 ya ba da om 540 da 'yan kai. Zafin da ke fita a wurin kuwa 206 sau 0.38, kusan wat 78.

Inj_Hajara:
Lissafinka daidai ne ƙanena. Dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 ce ka yi aiki da ita, kuma har yau ita ce rabin aikin nan. Ka tuna ƙaramin ƙarfen liƙi na masu gyaran rediyo wat 30 ko 40 ne, kuma yana narkar da dalma. Nan ana maganar wat 78 a wurin da bai kai kan yatsa ba, a cikin akwati, kewaye da roba. Ƙara da wannan: ita mitar da ke da om miliyan 10, abin da take ja a 226 bai wuce maikro'amfiya 23 ba. In ka bi da shi ta om 540, ko kashi ɗaya cikin goma na bolt ba a rasa ba. Shi ya sa ta nuna cikakkiyar wuta. Caja kuma yawancinsu an rubuta a jikinsu suna aiki daga 100 zuwa 240, don haka ko wutar ta sauka ba ta damu ba.

Sarkin_Fanka:
To na ji. Amma a ina zai samo wurin? Ba zai fasa bango duka ba ai.

Baba_MaiWuta:
Ba fasa bango. Da farko a gane wace waya ce, layif ko nitiral. Malam Abban Khalifa, sake kunna dutsen na ɗan lokaci kamar ɗazu, ka yi awo biyu: layif zuwa at, sannan nitiral zuwa at. A soket mai lafiya, layif da at zai ba ka kusan abin da layif da nitiral ya ba ka, nitiral da at kuma kusan sifili, ko bolt ɗaya zuwa biyu in akwai lodi. In ka ga layif da at ya zube zuwa 20, ciwon yana kan layif. In ya tsaya a 220 da wani abu, nitiral kuma ya hau sama da 200, to nitiral ne.

DanSola:
Baba, da sharaɗin at ɗin na gaske ne. Na sha buɗe soket in tarar ramin at ba waya ko ɗaya, ko kuma wayar na nan amma ba ta je ko'ina ba. In haka ne mita za ta riƙa ba shi lambobin banza, 40, 90, 110, waɗanda ba wuta ba ce ta gaske, wayar ce kawai ke kwance kusa da mai wuta a cikin fayif tana ɗaukar inuwarta. Masu mitar da ke da LoZ, wato wurin awon da mita ke ɗan jan wuta, su murɗa can, lambar za ta faɗi sifili in ta bogi ce. Wanda ba shi da ita ya jawo doguwar ekstenshan daga soket ɗin falo mai lafiya, ya riƙa aunawa da nitiral ɗinsa.

Baba_MaiWuta:
Madalla, ka cike min giɓi.

Yaro_MaiKoyo:
Gafara dai manya, ni sabon shiga ne. Me ya sa ba za a sa mitar a wurin ƙara ba kawai, wanda take yin tiii in waya ta haɗu? Ogana da shi yake gano waya ta tsinke.

Mai_Rediyo:
Ana yi, amma abu biyu. Na ɗaya, ba a taɓa sa mita a kan ƙara ko a kan om alhali akwai wuta a layin. A wannan wurin mitar da batirinta take aunawa, in ta haɗu da 230 ko ta ƙone ko ta ba ka shirme. Na biyu, ƙarar ba ta nufin haɗi ya yi kyau. Yawancin mitoci suna yin ƙara in turjiya ta yi ƙasa da om 30 zuwa 50. Haɗin da ke da om 5 zai yi maka tiii da daɗi, amma ka ɗora masa amfiya 5 ka ga: 5 sau 5 sau 5, wat 125 na zafi. Ka riƙa kallon lambar, kada ka tsaya ga kunne. Kuma kafin ka fara, haɗa tsinken biyu ka ga abin da igiyoyin kansu ke ci, yawanci 0.2 zuwa 0.5, sai ka cire shi daga abin da ka samu.

Inj_Hajara:
Don ka san abin da ya kamata ka gani: wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 2.5, wadda ake sa wa soket, tana da wajen om 7.4 a kowace mita 1000. Mai 1.5 ta fitilu wajen om 12. Ke nan in tsakanin akwatin bireka da soket mita 20 ne, zuwa da dawowa mita 40, abin da za ka gani bai wuce om 0.3 ba. Duk abin da ya kai om 2 ko 3 a irin wannan tazara akwai magana.

Tunda an zo maganar kashe wuta, bari in faɗi wannan ga duk mai karantawa. Sauke ƙaramin bireka layif kaɗai yake yankewa, nitiral yana nan a haɗe, kuma akwai gidajen da aka ari nitiral ɗin wani layi aka haɗa da wani. Don haka kafin a kwance soket a sauke babban makunni gaba ɗaya. In akwai inbata ko janareta a raba su da layin. Sannan a gwada mitar a wurin da aka san akwai wuta, a auna wurin da za a taɓa, layif da nitiral, layif da at, nitiral da at, a sake komawa a gwada mitar. Igiyar mita na iya tsinkewa ta ciki, ta nuna maka sifili a kan waya mai rai.

DanSola:
Maganar inbata ɗin nan a riƙe ta da kyau. Wutar gari ta ɗauke ba ya nufin waya ta mutu. Inbata na canzawa da kanta cikin ƙiftawar ido, ba ƙara ba komai.

Abu_Fatima:
Ku yi haƙuri zan ɗan karkata. Ana ta ambaton nitiral sai na tuna abin da ya same mu. Dare ɗaya fitilun wani ɓangaren gidan suka yi haske fiye da kima har wasu suka fashe, na ɗaya ɓangaren kuma suka dushe kamar za su mutu. Firij da talabijin suka tafi. Aka ce nitiral ne. Shin irin na Abban Khalifa ne?

Inj_Hajara:
Allah ya mayar da alheri Abu Fatima. Dangi ne amma naka ya fi muni. Nasa a cikin reshe ɗaya ne, mafi yawan abin da zai faru kaya su rasa wuta, haɗin ya yi zafi. Naka babban nitiral ne ya saki a inda ake da fes uku, wato wayoyin layif uku, ko a shigowar gidan ko a kan layin da ke kawo wuta. Tsakanin fes da nitiral 230 ne, amma tsakanin fes da fes 400 ne. In nitiral ya tafi, kayan da ke kan fes daban-daban sai su zama a jere suna raba 400 ɗin a tsakaninsu. Fes ɗin da ke da lodi mai nauyi sai wutarsa ta sauka, wanda ke da ɗan lodi kaɗan sai tasa ta hau, tana iya wuce 300. Da mita ana ganinsa sarai: auna kowane fes da nitiral, za ka ga ɗaya 150, ɗaya 290, kuma lambobin na sauyawa duk lokacin da aka kunna wani abu, alhali fes da fes yana nan daram. Duk wanda ya ga haka ya sauke babban makunni nan take. In matsalar kafin mitar biyan kuɗi take, aikin kamfanin wuta ne, ba na mai gida ba.

Abu_Fatima:
Wallahi haka aka yi, ana kunna hita sai hasken ya sauya. Na gode Injiniya.

Garba_Testa:
Ga wani abu da masu son mita ba sa faɗa. Na ga yaro ya bar jar igiya a ramin 10A ya tsoma a soket. Ƙarar da ta tashi sai da kowa ya firgita, tsinken ya narke. Testa ba ta taɓa yi wa kowa haka ba.

Mai_Rediyo:
Wannan kam ya faru da mutane da yawa, kuma gara da ka faɗa. Ramin amfiya kusan waya ce miƙaƙƙiya a ciki, in ka sa ta tsakanin layif da nitiral ka yi shot da hannunka. Mita mai kyau tana da fis a wannan ramin, wasu masu araha kuwa an rubuta a jikinsu ƙarara cewa babu fis. Ni shawarata, mai aikin wayar gida ya manta da wannan ramin. In amfiya kake so ka nemi mita mai baki irin na ƙaguwa, ka maƙala a waya ɗaya tak. In ka haɗa layif da nitiral a cikin bakin sifili za ta ba ka, don suna soke juna.

Inj_Hajara:
A duba kuma rubutun CAT a jikin mitar da igiyoyinta. CAT II na soket ne da kayan da ake jonawa, CAT III na akwatin bireka da wayoyin cikin gini, CAT IV na inda wuta ke shigowa daga waje. Ba yawan bolt kaɗai ake nufi ba, ƙarfin jure tsallen wuta ne na farat ɗaya, irin wanda tsawa ke jawowa. Kuma in alamar batir ta fito a fuskar mita a canza shi, don wasu in batir ya yi sanyi sai su riƙa ƙara lamba.

Ummu_Sadiq:
Ni ma ina da tawa. Namu ba ƙaramin bireka ke faɗuwa ba, wani mai maɓallin gwaji ne a jikinsa, kuma ya fi faɗuwa in an yi ruwan sama. Maigidan ya auna wayoyin da mita bai ga komai ba, OL kawai take nunawa, alamar ba haɗi.

Baba_MaiWuta:
Wannan mai tsaron yoyon wuta ne 'yata. Yana kwatanta abin da ya fita ta layif da abin da ya dawo ta nitiral, in bambancin ya kai miliyamfiya 30 sai ya yanke. Rai yake tsaro, kada ku yarda wani ya ce a cire shi don a huta. Maltimita ba za ta ga wannan ba, domin da 'yan bolt kaɗan take aunawa, robar da ta tsage ko ta jiƙe kuwa sai an matsa mata take yoyo. Akwai na'urar da ake kira mega, tana tura bolt 500, kuma ƙa'ida ita ce kada layin ya gaza om miliyan ɗaya. Kafin ku samu mai ita, ku sauke ƙananan bireka duka, ku ɗaga shi, ku riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Ku fara zargin fitilun waje da famfon ruwa da hitar wanka. Sai dai in yoyon tsakanin nitiral da at yake, wannan dabarar na iya ruɗa ku, don zai faɗi da kowane layi aka ɗora wa lodi.

Abban_Khalifa:
Na dawo. Da dutsen a kunne, layif zuwa at 224, nitiral zuwa at 203. Da na kashe dutsen nitiral zuwa at ya koma kusan sifili. Ke nan nitiral ne ko Baba?

Baba_MaiWuta:
Nitiral ne, kuma at ɗinka na aiki. Yanzu ka lura da wannan, nan ne mutane ke ɓata lokaci. Soket yawanci a jere ake haɗa su, waya ta shiga wannan ta fita zuwa na gaba. Duk waɗanda ke bayan wurin ciwon za su kamu, waɗanda wuta ke isa kafin ta kai wurin kuwa lafiya lau. Don haka wuri biyu ne abin zargi: soket na farko cikin ukun, ko soket na ƙarshe da ke aiki kafin su. Na biyun nan shi ake mantawa, saboda yana aiki ba wanda ke kallonsa, alhali wayar da ta fita daga bayansa ce ta saki. Yana iya kasancewa a wani ɗakin ma, a bayan bangon. Sauke bireka ɗin ɗakin ka ga waɗanne soket ne suka mutu tare da su, ka san 'yan layin ke nan. Sannan ka sauke babba, ka tabbatar kamar yadda Injiniya ta ce, ka fara buɗewa.

MamanIlham:
Ni dai da za ka ji tawa, daga nan ka kira mai gyara. Ka riga ka gano masa rabin aikin.

DanSola:
Maman Ilham tana da gaskiya in hannunka bai saba ba. Aunawa daban, kwancewa da mayarwa daban. Ka kuma kula da launi, kada ka dogara da shi ido rufe. A tsohon tsari ja ne layif, baƙi nitiral. A sabon tsari ruwan ƙasa ne layif, shuɗi nitiral, kore da rawaya at. A Amurka kuwa baƙi shi ne mai wuta, fari nitiral, wutarsu kuma 120 ce. Kuma akwai gidajen da mai aikin ya sa duk wayar da ta zo hannunsa.

Abban_Khalifa:
Alhamdu lillahi an gano. Na bi shawarar Maman Ilham na kira mai gyara, na nuna masa lambobin. Soket ukun duka tsaf suke a ciki. Ashe akwai na huɗu a kan layin, a baranda, bayan bangon ɗakin, kuma yana aiki. Da ya kwance shi, baƙaƙen wayoyi biyu ne a rami ɗaya, sukurun ya danne ɗaya, ɗayar tana lilo a gefe. Bakinta ya yi baƙi ƙirin, robar ta ƙandare ta kai tsawon ɗan yatsa, tana karyewa in an lanƙwasa. Ya yanke har inda tagulla ke sheƙi, ya sa sabon soket, ya ɗaure. Yanzu ba lodi 227, da dutse 223, nitiral zuwa at wajen 2. Allah ya saka wa kowa da alheri, musamman Baba da Injiniya.

Sarkin_Fanka:
To ai ga shi an canza soket ɗin dai.

Garba_Testa:
Amma ba waɗanda ka ce a canza ba.

Mai_Rediyo:
Barka. Amma ni hankalina bai kwanta da yankewa kawai ba. Tagulla na kai zafi nesa, robar da ke cikin fayif ma ta sha wuta ko da ido bai gani ba. Da ni ne sai a zare wannan guntun daga baranda zuwa ɗaki a sa sabo.

Baba_MaiWuta:
In robar da ta rage tana lanƙwasuwa ba ta tsagewa, launinta bai sauya ba, kuma wayar ta isa ramin ba tare da an ja ta ba, ni ina barinta. Abin da ba na yarda da shi shi ne a ƙara guntu a murɗe a naɗe da tef a tura cikin bango. Malam Abban Khalifa, tambayi mai gyaran ko ya yi ƙari, in ya yi da me ya haɗa.

Inj_Hajara:
Ni ina tsakaninku. Ido ba zai raba wannan gardamar ba, mega ce za ta raba. A cire duk abin da ke jone, a auna layin da bolt 500, in ya ba da lamba mai kyau a bar shi. Saukar bolt 4 a kan amfiya 4 da ɗoriya kuma ya nuna kusan om ɗaya a duk hanyar tun daga taransifoma, ba abin tashin hankali ba ne. Amma tunda hannu ɗaya ne ya ɗaura soket ɗin gidan duka, ina ganin a bi sauran a gwada su da dutsen nan da mita, ɗaya bayan ɗaya, musamman na kicin.

Dalibin_Lantarki:
Injiniya, in a wani soket na ga ya sauka daga 227 zuwa 215 da dutsen, ta yaya zan san haɗi ne ya saki ko wutar ce ta zo da rauni daga waje?

Inj_Hajara:
Bar dutsen a kunne a wurin, ka je ka auna a wani soket da ke kan wani bireka daban amma fes ɗaya. In can ma ya sauka zuwa wajen 215, matsalar tana kafin akwatin bireka ne, ko babbar wayar shigowa ko layin waje. In can yana 225, to bolt 10 ɗin a cikin wancan reshen suke ɓacewa, sai ka koma awon layif da at, da nitiral da at, ka ga wace wayar ce ke cinye su.

Yaro_MaiKoyo:
Baba, wata tambaya. Akwai fitilar da in an kashe makunni ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana ɗan haske da dare. Ita ma nitiral ne?

Baba_MaiWuta:
Sau da yawa makunnin ne aka sa a kan nitiral maimakon layif, ɗana. Kashe makunnin, ka auna daga kowane ƙarfe na mazaunin ƙwan zuwa at. In ɗaya ya ba ka cikakkiyar wuta alhali makunni a kashe, to an juya wayoyin, kuma duk mai canza ƙwai a wurin yana taɓa wuta bai sani ba. In kuwa lamba ce ƙarama mai rawa, ko makunnin mai ɗan haske ne a jikinsa, wannan wata maganar ce. Auna tukuna ka kawo lambar.